Kilomita 490 a watan Agusta: yadda muka tsara tattakin Kawu zuwa Santiyago

A watan Fabrairun 2024 kawuna ya kira ni gidansa, ya shimfiɗa taswirar Sifaniya a kan teburin cin abinci, ya ɗora yatsa a iyakar Faransa, ya ja shi har kusa da tekun yamma. Ya ce, "Ɗana, nan zan taka da ƙafata. Kai ne ɗan boko, ka lissafa mini."

Shekarunsa 58 a lokacin. Fiye da ashirin daga cikinsu ya yi su ne a arewacin Italiya, yana aiki a wata masana'antar ƙarfe. Ɗan Katolika ne, haifaffen kudancin Kaduna, kuma Hausa muke yi a gida har yau. Matarsa ta yi doguwar jinya, ana tsaka da jinyar ya yi wa Allah wa'adi cewa in ta tashi zai je kabarin Yakubu, almajirin Almasihu, da ƙafa. Ta tashi. Wa'adi ya zama bashi.

Hanyar da ya nuna mini ita ce wadda ake kira hanyar Faransa, mafi shahara a cikin hanyoyin da ke kaiwa birnin Santiyago de Kompostela a yankin Galisiya, inda aka yi imani kabarin yake. Tana farawa daga wani ƙaramin gari, Saint-Jean-Pied-de-Port, a gindin duwatsun Pyrenees, ta bi ta Pamplona da Logroño da Burgos da León, kusan kilomita 780. Masu ziyara sun fi shekara dubu suna binta. A tsakiyar ƙarni na ashirin ta kusa mutuwa, sai wani limamin ƙauyen O Cebreiro, Elías Valiña, ya shiga zana kibiyoyi da fenti mai ruwan ɗorawa a kan duwatsu da bangaye a shekarun 1980. Kibiyoyin nan ne mutane ke bi har gobe. A 2024 ofishin masu ziyara na Santiyago ya ba kusan mutum 500,000 takardar shaidar isowa. Wato ba daji Kawu zai shiga ba: akwai masauki, akwai famfo, akwai kantin magani. Matsalarsa ɗaya ce, wata.

Masana'antarsu, kamar yawancin masana'antun Italiya, tana rufewa ne a watan Agusta. Ba shi ke zaɓen hutunsa ba. Mako uku na rufewa da mako ɗaya da ya tara, daga 5 zuwa 30 ga Agusta ke nan, kuma 2 ga Satumba dole a gan shi a bakin inji. Masu sanin hanyar suna cewa a tafi a Mayu ko Satumba. Shawara ce mai kyau ga wanda lokacinsa ke hannunsa.

Lissafin farko

Kawu ya zo da lissafinsa a ka: kilomita 780 a kwana 25, kusan 31 a kullum, babu hutu. Da na ɗaga maganar zafi dariya ya yi. Ya ce, "Ni za a gaya wa rana? Na yi huɗa a Afrilu." A kan wannan magana muka fi daɗewa muna ja-in-ja, kuma har yanzu ina ganin ita ce tarkon duk ɗan ƙasarmu da zai yi irin wannan tafiya. Gaskiya ne zafin arewacin Sifaniya a yawancin kwanaki bai kai na Kano a bazara ba. Burgos tana kan tudu, sama da mita 800, da asuba har sanyi ake ji a watan Agusta. Amma in guguwar zafi ta taso, ma'auni yakan haura 35 ya doshi 40, a filin da babu itace. Kuma mutumin da ya yi huɗa a Afrilu ɗan shekara ashirin ne. Wanda ke gabana yana shan ƙwayar hawan jini kowace safiya, irin wadda ke sa yawan fitsari, kuma shekara ashirin rana ba ta same shi ba sai tsakanin mota da ƙofar masana'anta.

Abin da ya sa ya saurare ni ba hujjar likitanci ba ce. Tambayarsa na yi ƙarfe nawa kakanmu yake dawowa daga gona. Ya yi shiru, ya ce kafin rana ta take. Na ce to ashe ko masu ranar ba sa tsayawa su yi kokawa da ita. Daga nan tsarin ya juya. Muka daina tambayar kilomita nawa ƙafarsa za ta iya, muka koma tambayar awa nawa rana za ta ba shi aro.

Sai da muka zauna da agogon Sifaniya kuma, domin agogon nan yana da ruɗi. Ƙasar tana can yamma, amma tun 1940 take bin lokaci ɗaya da Jamus da Italiya. A farkon Agusta rana ba ta fitowa a yankin León sai wajen bakwai da kwata. Ba ta kaiwa tsakar ka sai kusan biyu da rabi. Zafin yakan kai maƙura tsakanin huɗu da shida, lokacin da mu a gida muke cewa la'asar ta yi, rana ta yi sanyi. Ba ta faɗuwa sai tara da rabi. Bahaushen da ya ce bari ya fake har la'asar sannan ya ci gaba, cikin tanda zai fita. Tafiyar yamma babu ita ke nan, sai sammako kaɗai.

Mutum mai shekarunsa, da jaka a baya, in an haɗa da tsayawa shan ruwa da cire takalmi, kilomita huɗu yake ci a awa. Daga shida saura kwata zuwa sha biyun rana awa shida ne da 'yan mintuna: kilomita 22 zuwa 25. In aka cire kwanan zuwa da na dawowa da hutu, kwanakin tafiya 22 ko 23 suka rage. Abin da lissafi ya bayar wajen kilomita 500 ne. Muka ɗora yatsa a Santiyago muka ja baya, ya tsaya a Burgos, kusan kilomita 490.

Bai ji daɗi ba. Yana ganin an yanke wa wa'adinsa kai. Na nuna masa cewa ita kanta majami'ar Santiyago a lokacin kilomita 100 na ƙarshe kawai take nema kafin ta ba da takarda ga mai ƙafa, 200 ga mai keke, kuma mutanen zamanin da daga ƙofar gidansu suke tashi, babu wani gari da aka wajabta. Na kawo masa wata shawarar kuma, wadda mutane da yawa ke bi: ya fara daga Faransa, in ya isa Burgos ya hau mota ya tsallake kilomita 180 na filin Meseta zuwa León, tunda nan ne zafi ya fi muni. Wannan ya ƙi ta ƙememe. Ya ce gara tafiya gajera wadda ba ta yanke ba da doguwa mai faci. Ni da na so ya tsallake Meseta, amma wa'adin ba nawa ba ne.

Akwai riba ɗaya da ban faɗa masa ba sai daga baya. Ranar farko daga Saint-Jean hawan dutse ne na sama da mita 1,200 a cikin kilomita 25, kuma nan ne gwiwoyin mutane da yawa ke lalacewa tun tafiya ba ta yi nisa ba. Wanda ya fara daga Burgos yana samun kwana tara a fili kafin ya gamu da dutse.

Wata biyar na shiri

Likitansa ya fara gani. Ta duba magungunansa, ta yi masa gwajin jini, ta gaya masa alamun da in ya gani ya tsaya: jiri, ciwon kai, ɗaurewar jijiya, fitsari ya yi duhu ko ya ɗauke. Ta hana shi rage ƙwaya ko ƙara ta da ra'ayin kansa. Katin lafiyarsa na Italiya yana aiki a asibitocin gwamnatin Sifaniya, lambar gaggawa kuma 112 ce a duka ƙasashen biyu.

Atisaye ya fara a Maris, kilomita takwas ranar Asabar. Zuwa Yuli yana yin ashirin ranar Asabar, ashirin ranar Lahadi, da jakar a baya, domin abin da ke karya mutum ba tafiyar yau ba ce, tashi gobe a sake ta ne. A makonni biyun ƙarshe ya riƙa fita awa ɗaya bayan tashi daga aiki, cikin zafi, don jiki ya saba da gumi.

Kan kaya muka yi ƙaramin yaƙi. Nauyinsa kilo 82, ƙa'idar da masu hanyar ke bi kuma ita ce jaka kada ta wuce kashi ɗaya cikin goma na nauyin mai ita. Da muka fara aunawa kilo 13 ta yi. Akwai bargo a ciki, da takalmi na biyu, da babban Littafi Mai Tsarki na Hausa, da garin kunu da yaji da Inna ta ƙulla masa. Muka sauke ta zuwa bakwai da rabi ban da ruwa: riga biyu masu saurin bushewa, wando biyu, safa uku, zanen kwana marar nauyi, silifas, malafa mai faɗi, tocilan ta goshi, sabulu ɗaya na wanka da wanki, basilin, filasta, da ƙullin gishiri da sukari irin na kantin magani. Littafin ya koma ƙaramin Sabon Alkawari. Yajin dai ya tafi, kuma ya yi rana. Takalmi ya saya mai sauƙi, lamba ɗaya sama da tasa, domin ƙafa tana kumbura a zafi, ya kuma tattaka shi wata uku kafin tafiya.

Kuɗi ba su ba mu wahala ba. A 2024 gado a masaukin hukuma ko na coci wajen yuro 10 ne, na 'yan kasuwa 15 zuwa 20, abincin dare na masu ziyara 12 zuwa 15. Muka ware yuro 40 a kullum da ɗan abin ko-ta-kwana. Ya karɓi takardar mai ziyara, wadda ake buga wa hatimi a kowane zango, ita ce ke ba mutum damar kwana a waɗannan masaukai.

Abokan aikinsa Hausawa Musulmi tun a lokacin suka laƙaba masa Alhaji. Wani dattijo a cikinsu, Bakano, ya ba shi labarin kakansa da ya tafi Makka da ƙafa ta Chadi da Sudan, ya yi shekaru a hanya, yana tsayawa ya yi noma ya tara guzuri, ba ya tashi sai kaka ta yi. Kawu ya dawo gida yana cewa su mutanen da shekara ce a hannunsu, shi kuwa mako huɗu.

Abu na ƙarshe da na yi, wanda na ɗauka shi ne mafi wayo a cikin shirin, shi ne kama masa gado tun daga gida a kowane zango daga Burgos har León. Na buga jadawalin a takarda, kowace rana da garinta da lambar wayar masauki. Daga Sarria zuwa gaba ban kama komai ba, don na ce ni ma zan je in same shi a can, mu ga abin da hali ya yi. A duka wuraren biyu na yi kuskure, kuma kowanne ta fuskar da ban zata ba.

Kwana na biyar

Kwana huɗun farko sun tafi kamar yadda aka rubuta. Burgos zuwa Hornillos, zuwa Castrojeriz, zuwa Frómista, zuwa Carrión de los Condes. Yakan haɗa jakarsa tun da dare don kada ya tashi mutane da ƙarar leda, ya fita da tocila, ya hau tudun Mostelares kafin gari ya waye, ya isa masauki kafin a buɗe ƙofa ya jera jakarsa a layi. Da rana yakan yi wanki ya kwanta kamar kowa a garin. Ya kira ni yana mamakin yadda ƙauye guda ke mutuwa daga ƙarfe biyu zuwa biyar, ko kare ba ka gani. An riga an girbe alkama, fili ya zama fari fat har iyakar gani, ya ce kamar gonakin gida bayan an kwashe kara. A kan hasumiyar kowace majami'a akwai katafariyar sheƙa irin ta shamuwa, kuma da aka gaya masa tsuntsayen har ƙasashenmu suke zuwa in sanyi ya shigo, sai ya ce ashe 'yan ci-rani ne irinsa.

Tsakanin Carrión da ƙauye na gaba, Calzadilla de la Cueza, kilomita 17 ne babu gari. Hanya ce miƙaƙƙiya a kan tsohon titin Rumawa, tsakuwa da ƙura, inuwa kaɗan. Duk wanda ya san hanyar ya san wannan zango. Na ja masa layi da jan biro: fita biyar da rabi, lita uku na ruwa, kada a dogara da motar sayar da abin sha da kan tsaya a tsakiya wani lokaci. Amma gadon da na kama masa ba a Calzadilla yake ba. Yana Terradillos, kilomita 26 daga Carrión, domin ina so jadawalin ya kai shi León a kan kari.

A daren ya zauna wajen waƙoƙin yabo da masu zaman zuhudu na garin ke yi tare da baƙi, daga nan aka wuce addu'a, daga nan hira. Ya ce shi ne daren da ya fi jin daɗinsa a duk tafiyar, kuma ba na ganin laifinsa. Kafin ya tuna da sayen ruwa da ayaba, kanti ya rufe. Ya makara, bai fita ba sai bakwai da rabi, da gora biyu da ya cika a famfo, lita ɗaya da rabi. Makon kuwa hukumar yanayi ta Sifaniya tana ta ba da gargaɗin zafi.

Ya isa Calzadilla wajen sha biyu. Ƙauyen a cikin kwari yake, ba ka ganinsa sai ka zo kansa, abin da kan sa mutum ya ɗauka ya ɓata. Ruwansa ya ƙare tun saura kilomita uku. Ya sha, ya ci burodi da ƙwai, ya cika gora. Akwai gado a nan, ya gani da idonsa. Da tsarin namu yana bin ƙa'idar da muka kafa da bakinmu, da nan tafiyar ranar ta ƙare, tunda awannin da rana ta ba shi aro sun cika. Sai ya ciro takardata. Takarda ta ce Terradillos, an biya kuɗi, kuma ɗansa ne ya wahala ya tsara. Ƙarfe ɗaya saura ya sake ɗaukar jaka.

Kilomita taran nan sun ci masa awa uku. A Ledigos ya zauna, ya ga saura uku kacal, ya tashi. Kafin ya isa, ƙwaurinsa na ɗaurewa, kansa na sarawa, yana ganin hanya tana rawa. Wasu mata biyu 'yan Koriya suka tarar da shi zaune a gefen titi, suka jiƙa masa malafa da wuya, ɗaya ta ɗauki jakarsa a gabanta. Mai masaukin ta kwantar da shi a ɗaki mai sanyi, ta ɗaga ƙafafunsa, ta haɗa masa ruwan gishiri da sukarin da ke cikin jakarsa, wanda bai taɓa ba tun Burgos. Da ya ɗan dawo hayyacinsa aka kai shi ɗakin shan magani a Sahagún. Jininsa ya sauka ƙasa sosai. Suka ce gajiyar zafi ce da ƙarancin ruwa da gishiri, bai kai ga bugun zafin da ke taɓa ƙwaƙwalwa ba, amma ya kama hanya. Suka ce ya huta kwana guda, in kuma ya sake ganin jiri ya haƙura.

Da ya kira ni da dare, kafin in yi magana ya ce, "Ɗana, kada ka gaya wa Innarka." Na ce, "Kawu, me ya hana ka kwana a Calzadilla?" Ya ce, "To ai ba haka ka rubuta ba."

Na daɗe ina juya wannan amsa. Makara da rashin sayen ruwa nasa ne, amma waɗannan abubuwa ne da dole wata rana su faru a cikin kwana ashirin da huɗu, kuma tsarin da ba zai iya ɗaukar makarar awa biyu ba tsarin banza ne. Laifin da ya fi girma nawa ne. Na ce masa agogo ne shugaba, sannan na danƙa masa takarda mai sunayen garuruwa, na biya kuɗi a kansu. Mutum irin Kawu, wanda ya yi shekara ashirin ba ya tashi daga aiki sai an cika adadi, in ka ba shi adadi sai ya cika shi ko zai faɗi. Kuma a Meseta babu ma buƙatar kama gado: a watan Agusta mutane gudun wurin suke, masaukai da yawa rabi suke cika. Tsoron rasa gado na karanta, na ɗora shi a inda bai dace ba.

A daren na soke sauran gadajen. Muka yi sabuwar doka mai layi biyu, ya rubuta ta a bayan takardar hatiminsa. Duk garin da sha biyu ta same shi, nan zai kwana. In tazarar gaba ta wuce kilomita goma babu gari, ba zai shige ta ba bayan ƙarfe tara. Muka ƙara da cewa ruwa da abincin safe ana sayensu ne da zarar an buɗe kanti da yamma, kafin wanka, kafin coci, kuma ƙulli ɗaya na gishiri da sukari kowace rana ko yana so ko ba ya so. Doka ta biyun ta yi aiki bayan kwana biyu, a tazarar kilomita 13 tsakanin El Burgo Ranero da Reliegos.

Hutun Sahagún ya cinye ranar hutun da muka ajiye wa León. Ya ratsa birnin, ya shiga babbar majami'ar ya kalli gilasanta, washegari ya wuce. Ranar 15 ga Agusta hutu ne a duk Sifaniya, kantuna a rufe, amma wannan karon tun 14 ya yi sayayyarsa.

Bayan Astorga ƙasa ta canza, zafi ya ragu, matsala ta koma gwiwa. Ya ajiye ɗan dutsen da ya ɗauko daga gida a gindin gicciyen ƙarfe na Cruz de Ferro, wajen mita 1,500 sama da teku, kamar yadda masu ziyara ke yi. Gangaren da ke biye zuwa Molinaseca duk duwatsu ne masu santsi, ya fi hawan wuya. A ranar hawan O Cebreiro ya yarda, bayan dogon musu, ya biya 'yan yuro aka kai masa jakarsa gaba a mota. Ya ce wa'adin da ya yi na ƙafa ne, bai ambaci jaka ba. Shekarar da ta biyo, a Agustan 2025, gobarar daji ta sa hukumomi suka rufe wannan yanki tsakanin Astorga da Ponferrada na wasu kwanaki. Da a shekarar ya tafi, da motar da ya ƙi ta zama dole.

Daga Sarria

Na same shi a Sarria ranar 23 ga wata. Ya rame, ya yi baƙi, bororo biyu a diddige sun zama kanta. Sarria tana wajen kilomita 115 daga Santiyago, ita ce gari mafi kusa da ke cika sharaɗin kilomita ɗari, saboda haka a nan jama'a ke ɓarkowa: 'yan makaranta, ƙungiyoyin coci, iyalai masu hutun mako guda. Hanyar da Kawu ya saba takawa shi kaɗai da inuwarsa ta koma kamar ranar kasuwa. Galisiya tana da itatuwa da raɓa da hazon safe, zafi ba shi ne abin tsoro ba. Gado ne.

A Portomarín muka isa ƙarfe ɗaya muka tarar masaukin hukuma ya cika, layin jakunkuna ya zagaye gini. Su ba sa karɓar kamu, wanda ya riga zuwa shi ke samu. Na 'yan kasuwa kuwa an kame su tun makonni. Muka yi ta yawo da waya a hannu har muka sami ɗaki a wani gida a wajen gari, kuɗin kwana huɗu a dare ɗaya. A daren na zauna na kama sauran zangon huɗu, abin da ya kamata in yi tun Yuni. Kawu yana kwance yana kallona, ya ce, "Inda ya kamata ka sake ka ɗaure, inda ya kamata ka ɗaure ka sake." Ban ce komai ba. Daga nan kuma hatimi biyu ake so a kowace rana, ba ɗaya ba, in ba haka ba ofis na iya hana takarda, don haka kowane shagon shayi muka tsaya sai mun miƙa.

Mun shiga Santiyago ranar 28 da hantsi. Ba a shiga majami'ar da jaka, muka ajiye su, ya shiga layin masu sauka wajen kabarin, ni na jira a dandali. A ofis aka duba hatimansa tun daga Burgos, aka ba shi takardar, rubutun Latin, har sunansa an juya shi zuwa Latin ɗin. Ya ƙara yuro uku aka ba shi ta biyu mai nuna nisan da ya taka. Ya daɗe yana kallon adadin.

A jirgin dawowa ya ciro taswirar nan, ta yi laushi duk ta yayyage a lanƙwasa, ya auna abin da ya rage tsakanin Saint-Jean da Burgos da ɗan yatsa. Kilomita 290, kwana goma sha uku. Ya ce 2027 shekara ce mai tsarki a can, domin 25 ga Yuli, ranar Yakubu, za ta faɗo Lahadi, kuma yana so ya cike gurbin kafin jama'ar shekarar su cika hanya. Ya riga ya kai wa shugaban sashensu takardar neman mako biyu a watan Mayu. Har yanzu ba a amsa masa ba. Inna kuwa ta ji labarin Terradillos, ba daga bakina ba, ta ce in ya sake tafiya ita za ta riƙe jadawalin.